Giɓin Koren Dutse

Tun farko ba a so wannan haɗi ba. Duk wanda ya ce muku an so, ku turo mini shi in tuna masa abin da ya faɗa a bayan kicin.

Hinewai jikar yayata ce. Cikin 'yan matan ƙauyenmu kaf, ita kaɗai ta zauna ta koyi kiran ƙofa, wannan doguwar murya da mace ke ɗagawa a gaban zauren kakanni in baƙi sun iso ko in za a sallami mai tafiya. Yayata Merepeka, wadda kowa ke ce wa Kui, ita ce mai kiranmu. Ta makance, muryarta ta fara rawa. In ta kau, Hinewai muke kallo.

Kullum in yarinyar ta gwada, sai Kui ta girgiza kai ta ce, "Kalmomin sun zauna, numfashin ya kai. Amma muryarki ba ta san rashi ba tukuna, jikalle."

To sai ga shi yarinya ta tafi kudu aikin bazara, ta dawo da zancen wani Bature wai shi Fergus, mai tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido a mashigar teku, can ƙarshen ƙasa inda ruwan sama bai san hutu ba.

Ubanta Tamehana ya ajiye cokali ya ce, "Ni ba fatarsa nake ƙi ba. Nisa nake ƙi. In kin bi shi, wa zai riƙe mana wutar gida? Kui ta mutu mu yi hayar mai kira daga wani gari?"

"Baba, ai ba mutuwa zan yi ba, aure ne."

"Ga Paora nan a bakin ƙofa, ba ki gani?"

Paora direban bas ne, ɗan ƙauyenmu, mai faɗin ƙirji da faɗin baki. Tun yarinyar na sakandare yake kawo wa Tamehana kifin tafki, ya gyara rufi, ya faskara itace. Na taɓa ce masa, "Kai Paora, uban kake nema ko 'yar? Don uban dai ya riga ya amsa."

An yi kuka, an yi gaba, an yi sulhu, an sake kuka. Ƙarshe dai Fergus ya aiko da shawara: su yi tafiyar hutu tare daga kudu zuwa arewa, ya nuna mata duwatsunsa da tafkunansa, su ƙare a nan gida, inda ƙasa ke fitar da tururi, ruwa da laka ke tafasa da kansu, ya shigo ta ƙofar zaure kamar kowane baƙon kirki ya nemi aurenta. In aka ce a'a, ya ji da kunnensa.

Ranar da za ta tashi, Kui ta cire koren dutsen wuyanta ta rataya mata.

Dutsen nan bai fi tsawon yatsa ba. Ya yi santsi don shan jikin mutane. A gindinsa akwai giɓi, ɗan ɓalgace kamar haƙorin da ya karye. Daren da tsaunin Tarawera ya yi aman wuta, kakar kakarmu tana gudu da jariri a baya, toka na zuba, ta faɗi a kan dutse da ƙirjinta. Dutsen wuyan ya ɓalgace, ita da jaririn suka tashi. Jaririn nan shi ne mu duka. Ba yaron da aka haifa a gidanmu da ba a ɗora babban yatsansa a giɓin nan an ba shi labari ba. In an yi mana rasuwa, a ƙirjin gawa, cikin akwati, yake kwana. Kui kuwa, tun da idonta ya rufe, yatsanta a giɓin yake wuni.

*

Hotuna suka fara shigowa wayata, don yarinyar ta san in ba ta turo ba zan ƙirƙiri nawa labarin.

Ga su a jirgi tsakanin duwatsu baƙaƙe da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa, ruwan sama na gangarowa ta kowane tsagi kamar dutsen ne ke kuka. Ga Hinewai cikin rigar leda, ƙafafunta duk cizon ƙananan ƙudajen can. Ga Fergus, dogo, jan gashi, kunnuwa kamar hannun tukunya. Na nuna wa matan kicin, muka yi dariya har masarar da muke dafawa ta kusa wucewa.

Ga su kuma a bakin wani tafki mai launin shuɗin alli, suna cin kifi da soyayyen dankali a takarda. Yarinyar tana dariya irin wadda ban ga ta yi ba tun rasuwar uwarta. Nan dariyata ta tsaya. Na ce a raina, Tamehana, ka shiga uku, wannan ta tafi.

Abin da hoto bai nuna ba, daga baya ta faɗa mini. A mashigar tekun nan, Fergus ya kashe injin jirgi a wani lungu, shiru ya sauka, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. Hinewai ta cire dutsen ta rataya masa.

Ta ce, "Riƙe mini shi har mu isa gida. Ya sha ɗumin jikinka. In Kui ta taɓa shi a wuyanka, ba sai na yi magana ba, za ta san na zaɓa."

Ya juya shi a tafinsa. "Ya ɗan karye a nan."

"Ya daɗe haka," in ji ta.

Ku ji fa. Ya daɗe haka! Labarin da muke ba jarirai, ta bar shi sai sun iso gida, wai don ya ji daga bakin Kui ya fi daɗi.

A hanyarsu ta gaɓar yamma ƙasa ta zaftare ta rufe titi, suka maƙale a wani garin masu sassaƙa dutse. Fergus ya riƙa sulalewa wai zai duba mota. Igiyar dutsen tana nan a wuyansa, sauran kuma rigar sanyi ta rufe. Yarinyar ba ta kawo komai a ranta ba.

*

Sun iso mana da hantsi. An share fili, an jera kujeru, nama da dankali da kabewa suna dahuwa cikin akwati a kan tururin ƙasa tun safe. Muryar Kui ta ƙi tashi ranar, don haka ni na yi kiran, da muryata irin ta agwagwa. Fergus ya tako a hankali kamar yadda aka koya masa, ya cire takalmi a inda ake cirewa, har ya yi 'yar gaisuwa da harshenmu. Ya karya ta gida uku, amma ya yi. Na ga gemun Tamehana ya ɗan saki.

Paora yana bayana yana gunaguni. "Anti, dubi safarsa. Huda biyu."

"Taka uku ce, rufe mana baki."

Aka zo gaisuwarmu ta haɗa hanci. Fergus ya bi layi, ya sunkuya wa kowa, har ya iso gaban Kui a kujerarta. Ya durƙusa. Ta dafa kafaɗarsa, ta haɗa hancinta da nasa, suka ja numfashi ɗaya. Hannunta ya ji igiya. Sai ta yi murmushi.

"Af," ta ce. "Ashe an riga an gama magana a bayanmu."

Ta jawo dutsen daga cikin rigarsa. Hinewai tana gefe, idonta ya cika da ƙwallar murna.

Babban yatsan Kui ya gangara inda ya saba zuwa. Ya wuce. Ya dawo. Ya sake gangarawa.

Murmushin ya bar fuskarta kamar an ɗauke fitila.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Naki ne, Kui," in ji Fergus, fuskarsa sai ƙyalli take. "Na sa an gyara. Inda ya karye an yanke, an goge, ya dawo sabo. Kuma guntun bai tafi a banza ba."

Ya zaro ɗan akwati daga aljihu, ya juya wajen Hinewai a kan gwiwarsa, ya buɗe. Zoben azurfa ne, da ɗan koren dutse a kansa.

"Na ce maimakon in saya miki dutsen da ba ki sani ba, gara ki sa na gidanku a hannunki. Hinewai, za ki aure ni?"

Na halarci jana'iza da yawa, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har tafasar laka a bayan zaure ana ji, fat, fat, fat.

Kui ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da sauƙi. Ta dai ci gaba da shafa gindin dutsen tana cewa a hankali, "Ina kika tafi, Kaka? Ina kika tafi?"

Hinewai ta ɗora hannu biyu a ka. Tamehana ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Cire shi daga wuyanka."

"Yallaɓai, ni na ɗauka..."

"Cire shi! An yi maka kira, don haka za ka ci abincinmu, ka kwana a ƙarƙashin rufinmu, ba za a ce mun kori baƙo da yunwa ba. Gobe da safe motar Paora za ta fita. Kana ciki."

Paora ya buɗe baki zai ce wani abu, na taka masa ƙafa da dukan nauyina.

*

Da la'asar ina bakin tafasasshen kududdufin da nake dafa wa baƙi masara. Wurin nan Allah ya yi shi don irina: tururi ya rufe ka ruf, murya kuma ta zo maka tas. Na ji takunsu a kan katakon gada, na saki kwandon masara cikin ruwa na yi lamo.

"Hinewai, tsaya ki saurare ni."

"Na saurare ka da safe. Duk ƙauye ya saurare ka."

"Na rantse don in faranta miki na yi. A gidanmu haka ake yi. Zoben uwata daga sarƙar kakata aka narka shi. In abu ya tsufa ya karye, sai a sake shi ya ci gaba da rayuwa."

"Ba karyewa ya yi ba, Fergus!" Muryarta ta tsage. "Wurin nan shi ne mu. Nan aka ɗora yatsana ranar da aka haife ni. Nan na riƙe ranar da aka kwantar da shi a ƙirjin uwata a cikin akwati. Sauran dutsen duk ado ne."

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba? Na nuna miki, kika ce ya daɗe haka."

Sai sheshsheƙa.

"Na so ka ji daga bakin Kui. Na so ta kama yatsanka ta ɗora, kamar yadda ake yi wa ɗan gida. Abin da nake ta mafarki ke nan tun daga jirgi. Wannan laifina ne, zan ɗauke shi har kabari."

"To mu ɗauka tare. Zan nemi gafara, zan durƙusa wa kowa. In mannewa ne a manne."

"Dutse ba ya mannuwa." Ta ja hanci. "Faɗa mini gaskiya. Wane mai sassaƙa ne ya yarda ya sa wa tsohon dutse irin wannan zarto?"

Na ji takunsa ya ja baya a kan katako. Har na leƙa ta cikin tururi in ga ko ya faɗa ruwa.

"Na biyu ne ya yarda."

"Na biyu?"

"Na farko wani dattijo ne, ɗan ƙabilarku. Ya riƙe shi, ya dube ni, ya ce in mayar wa masu shi, ko nawa zan biya ba zai taɓa ba. Na ɗauka ciniki ne ba ya so. Sai na tsallaka titi wajen mai sayar da tsaraba."

"Wayyo Allah." Ta zauna daɓas a kan katako. "An hana ka. An tsayar da kai a hanya, an ce kada. Ina cikin ɗaki, tsallaken titi ɗaya tsakaninmu, ba ka zo ka tambaye ni ba."

"In na tambaya ai ba zai zama bazata ba."

"Bazata! To ga ta nan, ka samu."

"Hinewai, ina son ki. Ko me na ɓata, wannan bai ɓaci ba."

"Na sani. Shi ne ma abin da ke kashe ni. Da mugunta ka yi da na tsane ka na huta." Kuka ya ci ƙarfinta, sai da ta tsagaita ta ci gaba. "Duk hanyar nan kana nuna mini wurarenka. Ka ce kada in taka nan, tsuntsu na ƙwai. Kada in ɗauki dutse a bakin tafki, a bar shi inda yake. Na ce wannan mutum ya san girman abu. Ashe naka ka sani. Nawa kuwa, da ka ga ya karkace, sai ka miƙe shi. In na bi ka kudu, me kuma za ka gyara mini? Harshena? 'Ya'yana?"

"Kada ki ce haka. Don Allah kada ki ce haka."

"Ka tafi gobe. Kada ka kira ni, kada ka dawo. Ba zan iya kallon Kui tana laluben abin da babu ba, sannan in juyo in kalle ka."

Na ji takunta ya yi nisa. Shi kuma ya tsaya, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaron da aka manta a tasha. Masarata ta dahu ta yi laɓo-laɓo, ban ko iya sayar da ita ba.

*

Da safe Paora ya iso da bas, an wanke ta har taya, shi kuma ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Anti, yau kyauta zan kai fasinja."

"Ka rage murna, ɗan nema. Wanda ya ci gadon kuka ba ya ƙoshi."

Fergus ya fito da jakarsa, idanu jajur. Ya zo wajena ya miƙo ɗan akwatin.

"Anti Huhana, wannan ba nawa ba ne. Babanta ya ƙi taɓawa, ita ta ƙi kallo. Ki mayar inda ya dace."

Na karɓa. Na cusa masa masara biyu masu zafi a aljihun riga, don hanyar da nisa kuma yaron bai ci komai ba jiya. Ya sunkuyo muka haɗa hanci. Hancinsa sanyi ƙalau.

Ba zan ɓoye muku ba, a bayan kicin na gwada zoben. Bai shiga ba sai a ƙaramin yatsa, kuma wani abu ya ɗan karce ni ta ciki. Na ce aikin mai tsaraba ke nan, ko gogewa bai iya ba. Na wuce da shi wajen Kui.

Tana zaune a barandar zaure, an lulluɓe ta da bargo, dutsen da aka goge a cinyarta. Ta ƙi mayar da shi wuya.

"Me kika kawo, Huhana? Tafiyarki ta mai gulma ce."

"Sauran kayanki."

Na sa mata zoben a tafi. Ta so ta yar, sai yatsan nan nata ya fara aikinsa. Ya shafa saman dutsen, santsi. Ya zagaya gefe. Ya leƙa ta ciki, inda azurfar ta bar taga a ƙarƙashin dutsen.

Ya tsaya cak.

Ta ɗago kai. "Huhana. Yana nan."

"Me?"

"Giɓin. Ba a goge shi ba, kifa shi aka yi. Wawan yaro, ya sa an ɓoye munin a ƙasa." Hawaye suka gangaro daga idanun da ba sa gani. "Ya ɓoye shi daidai inda zai kwana a kan fatarta."

Na ji injin bas ya tashi a bakin ƙofa. Na yunƙura. "Bari in kira ta! Bari in tsayar da motar!"

Tsohuwar nan da ba ta iya ɗaga kofin shayi ta damƙe mini hannu kamar kaguwa.

"Tsaya. Saurara."

Hinewai ce. Ba wanda ya sa ta. Ta fito daga gida ba takalmi, gashi a sake, ta tsaya a tsakiyar fili tana fuskantar ƙofa, ta ɗaga kiran sallama.

Jama'a, na ji kira a rayuwata. Na ji na uwarmu, na ji na Kui tana da ƙarfinta. Ban taɓa jin irin wannan ba. Muryar ta fito daga can ƙasan cikinta, ta hau, ta karye, ta sake hawa, ta ratsa tururi ta bi bayan motar. Matan kicin suka fito da wuƙaƙe a hannu suka tsaya. Tamehana ya cire hularsa.

Kui ta rufe ido ta ce, "Yanzu ta iya."

Sai ta dunƙule zoben, ta tura shi can cikin bargo.

"In ta san giɓin na nan, za ta yafe masa kafin rana ta faɗi. In ta yafe, ta bi shi kudu. Wa zai yi mini wannan kiran ranar da za a fitar da ni?" Ta juyo da makafin idanunta kaina. "Ki riƙe bakinki, Huhana. Sau ɗaya a rayuwarki, ki riƙe bakinki."

Ni. Ni da ko mafarki na yi sai na ba maƙwabta labari kafin in wanke fuska.

Na dubi yayata da ta goye ni, ta tsufa, tana tsoron a fitar da ita shiru. Na dubi yarinyar, ta gama kira ta durƙushe a ƙasa, kafaɗunta na girgiza. Maganar tana nan a kan harshena, zafi kamar masarar da aka tsamo yanzu.

Can a kwanar titi, inda tururi ke tsallake hanya, jajayen fitilun bayan bas suka kama. Ko tururin ne ya tare Paora, ko kiran ne ya kai kunnen Fergus, ban sani ba. Motar dai ta tsaya.